ƊA BA FANSHO BA NE, GWAMNATI KUMA BA UWA BA CE

Ina neman afuwar masu jiran ci gaban labari, domin yau alƙalamin ya karkata zuwa wata magana da ba ta da daɗin ji amma dole a faɗe ta. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Maganar ita ce ta tsufa, da abin da mutum zai ci a ranar da ƙarfinsa ya ƙare, albashi ya tsaya, fartanya ta yi masa nauyi. Da mutanenmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan nake, malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ungozomar asibiti da manomin rake da na tumatir, amma duk wanda ya ji tsarguwa daga wani wuri, to shi ma da shi ake.

Ka zauna a kowace majalisa daga Paki zuwa Hunkuyi, ka tambayi magidanci ɗan shekara arba'in abin da ya tanadar wa shekara sittin ɗinsa. Amsa uku za ka ji, ba ta wuce su. Ma'aikaci zai ce ai akwai fansho da giratuti. Manomi zai nuna maka yaran da ke wasa a ƙofar gida ya ce ga fanshona nan. Na ukun kuwa, wanda ya fi su duka iya rufe baki, zai ce maka Allah na nan, bakin da Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Ni kuwa na ce amsoshin nan uku, a yadda muke faɗinsu, su ne suka fi komai jefa dattawanmu cikin wulaƙanci.

Mu fara da gwamnati. Kafin 2004 ma'aikaci ba ya ajiye ko kwabo, gwamnati ce ke alkawarin biyansa daga kasafin kuɗinta bayan ya ajiye aiki. Sai da bashin 'yan fansho ya taru har aka ƙiyasta shi a wajen naira tiriliyan 2, tsofaffi suna faɗuwa a layin tantancewa, sannan gwamnatin Obasanjo ta kawo dokar fansho ta 2004, wadda ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 7.5, a tara a asusu mai sunan ma'aikacin, hukumar PenCom tana sa ido. A 2014 aka sake dokar, aka mai da kason ma'aikaci 8, na mai ɗaukar aiki 10. Jihar Kaduna ta shiga tsarin gadan-gadan daga watan Janairun 2017, inda ma'aikaci ke ba da kashi 7, gwamnati ta ba da 13. Tsarin ya fi na da, ban musa ba, domin ko ba komai kuɗin na cikin asusunka, ba a aljihun wani darakta ba. Mun dai ga abin da ya faru da kuɗin tsohon tsari a hannun irin su Abdulrashid Maina, wanda aka ɗora don ya gyara harkar fansho, kotu ta ɗaure shi shekara 8 a 2021 kan kuɗin da suka haura naira biliyan 2.

To amma ɗauko alƙalami mu yi lissafi, domin lissafi ba ya jin kunyar kowa. A 2024 Kaduna ta amince da naira 72,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Mu ƙaddara a kan dukkan kuɗin nan ake cire kashi 20 ɗin, to naira 14,400 ke shiga asusu a wata, 172,800 a shekara. A shekara 35 na aiki an tara naira 6,048,000 ke nan, ban da ribar juyawa. In Allah Ya ba mutum shekara 20 bayan ritaya, wata 240 ke nan, kowane wata ya tashi a naira 25,200. Wani zai ce ai albashi na ƙaruwa, kuɗin kuma ana juya su suna kawo riba. Gaskiya ne. Sai dai farashin masara da na magani su ma ba zaune suke suna jiranka ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ma'ana miliyan ɗayan da ka ajiye a ƙarshen 2023, a ƙarshen 2024 abin dubu 742 kawai ta iya saya maka. Wanda ya karɓi giratutin naira miliyan 5 a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, yana riƙe da abin da ya haura dala dubu 10. Da dala ta wuce naira 1,500 a 2024, kuɗin nan ba su kai dala dubu 3 da rabi ba, alhali ko sisi bai taɓa a ciki ba. Ɓarawon da ya yi masa wannan sata bai fasa ƙofa ba, bai haura katanga ba.

Wannan ma fa ga wanda ya kai ƙarshen aikin lafiya ke nan. Mun manta 2017? Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce mutum 21,780 sun faɗi, aka sallame su. A 2021 aka sake rage dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, har ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da jihar cik a watan Mayu. Ba na zo in yanke hukunci kan ko an yi daidai ko ba a yi ba, wannan muhawara ce ta wata rana. Abin da nake so ka gani shi ne, mutumin da ya kwana yana ma'aikaci ya wayi gari ba shi da aiki, in duk rayuwarsa a kan albashin nan ta rataya, ranar ce zai san cewa kujerar ofis aro ce. Wanda kuma ya fara aiki kafin 2017, haƙƙinsa na shekarun baya sai gwamnati ta zuba shi a asusunsa tukuna, kuma kowa ya san yadda jiran irin wannan kuɗi yake. Ciki ba ya jiran a sa hannu a fayil.

Sai mu zo kan 'ya'ya. Kada wani ya juya mini magana. Kula da iyaye wajibi ne a kan ɗa, addini ya ɗora masa, al'ada ta ɗora masa, wanda ya yi watsi da iyayensa kuma ya haɗu da Allah. Amma wajibin da ke kan ɗanka bai sauke naka wajibin na yin tanadi ba. Ka dubi yaron da kake kira fanshonka. Ya gama makaranta shekara biyar yana yawo da takardu, ko yana acaɓa a Zariya, ko yana tura baro a Abuja, ko kuwa ya samu aikin da albashinsa bai kai buhun shinkafa ba. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin motar da zai kawo shi gida gaishe ka ma ya zama abin tunani. Yana da mata, yana da nasa yaran, ga haya, ga kuɗin makaranta. Sai ka zo ka hau bayansa kai da matanka da ƙannensa goma da ka haifa ba ka tanadar musu komai ba. Kuɗin da zai sa ɗansa a makaranta su ne zai saya maka magani, shi ma ba zai ajiye komai ba, ranar da ya tsufa ya hau bayan nasa ɗan. Haka talauci ke zama gado, kaka ya miƙa wa uba, uba ya miƙa wa jika, kowa yana cewa ai haka muka taras.

A da can wannan lissafin yana tafiya, domin gandu ne. Uba na da gona mai faɗi, 'ya'ya na noma a ƙarƙashinsa, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, tsoho na zaune a zaure yana ba da umarni, kuma abin da ake ci daga ƙasarsa ya fito. Wato ko a wancan zamanin ba 'ya'yan ne fanshon ba, gonar ce. Yau an raba gonar gado kashi goma sha biyar, kowa ya samu abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba, rabin magadan kuma sun sayar da nasu sun sayi babur. Mun rushe gandu amma muna so mu ci irin tuwon da gandu ke bayarwa.

Amsa ta uku ita ce ta fi ciwo, saboda an lulluɓe lalaci da rigar addini. Wa ya ce maka tanadi rashin tawakkali ne? Ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, da muke karantawa tun muna makarantar allo, me ta koya mana in ban da a ajiye hatsin shekarun yalwa domin shekarun fari? Annabi ne fa ya tsara wannan ajiyar, shekara bakwai cur. Haka nan malamai na karantar da mu nasihar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya so ya yi sadaka da mafi yawan dukiyarsa, aka nuna masa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Abin mamaki, mutumin da zai ce maka ajiya don tsufa rashin yarda da Allah ne, shi ne ke sayen taki tun kafin ruwa ya sauka, shi ne ke sa wa shagonsa kwaɗo biyu. A taki da kwaɗo ya san sababi, sai a maganar tsufansa ne ya zama waliyyi. Allah Ya ce tashi in taimake ka, haka Bahaushe ya faɗa da bakinsa.

Kuma ba rashin samu ne kaɗai matsalarmu ba, kada mu yaudari kanmu. Ƙasar nan tamu ba matalauciyar ƙasa ba ce. Ka je kasuwar Maƙarfi ko ka tsaya a Tashar Yari lokacin rake ka ƙirga motocin da ake lodawa. Ka dubi mazarƙwailar da ake dafawa, da tumatir da barkono da masarar da ke fita daga Ikara, da inabin da Kudan ta yi suna da shi. Kuɗi na shigowa. Tambayar ita ce ina suke zuwa? Shekarar da tumatir ya yi kuɗi, a ƙara aure, a canza babur, a yi bikin da za a yi wata ana labarinsa. Sai 2016 ta zo, tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Wanda ya ajiye wani abu daga shekarar daɗi ya sake shuka. Wanda bai ajiye ba ya jinginar da gona, kuma mun san jingina nawa ce ake fansowa.

Ma'aikaci ma haka. Ranar da giratuti ya faɗo, mutumin da ya shekara 35 yana lissafin kwanon masara sai ya zama Alhaji na wata uku. Ga amarya, ga motar da ba shi da kuɗin man ta, ga 'yan'uwa da abokai da ba a taɓa gani ba sun yi layi, ga masu zuga shi ya fito takarar kansila. Wani kuma zai kwashe duka ya biya kujerar Makka, wadda a 2025 ta haura naira miliyan 8, ya dawo da haƙorin Makka ya tarar babu na cefane. Hajji rukuni ne, amma a kan mai iko aka wajabta shi, kuma tun 2020 hukumar alhazai ta buɗe tsarin adashin gata da bankin Jaiz domin mutum ya tara a hankali. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda bai taɓa sayar da ko allura ba, sai a shekara sittin ya zuba dukkan kuɗinsa a kasuwancin da bai sani ba, yaran shago su koya masa karatu da kuɗinsa.

Akwai kuma ramin da ke ɗaya gefen, wanda masu cewa sun waye ke faɗawa. Bayan da Soludo ya tilasta wa bankuna haɗewa a 2005, daga 89 suka koma 25, an yi ta tallar hannun jari har ƙauye, mutane suka sayar da shanu da filaye suka saya, wasu har da bashi. A 2008 kasuwar ta rushe. A 2009 Sanusi Lamiɗo Sanusi ya kori shugabannin wasu manyan bankuna, a 2011 aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jarinsu suka tashi da takarda kawai. A Disamban 2016 MMM ta rufe da kuɗin jama'a bayan alkawarin ribar kashi 30 a wata. Ka ce mun yi hankali? A Afrilun 2025 CBEX ta maimaita mana karatun. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata guda, ka tambaye shi me yake sayarwa, wa ke saye, kuma me ya sa bai ninka nasa ya huta ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Masu tura kuɗi a ƙarƙashin katifa su ma sun ji a jikinsu lokacin canjin kuɗi na farkon 2023. Masu zuba komai a ajiyar hatsi sun ci riba a 2024, sai farashi ya faɗi warwas a 2025 bayan an buɗe ƙofar shigo da abinci, da yawa ko uwar kuɗinsu ba su mayar ba. Darasin ɗaya ne, kada dukiyarka ta tsaya da ƙafa ɗaya.

To me za a yi? Ba wani sirri ba ne, kuma ba sai ka je Legas ba. In kai ma'aikaci ne, fara da sanin abin da ke cikin asusunka na fansho. Ka nemi bayanin asusun, ka duba ko abin da ake cirewa a albashinka yana shiga wata-wata, in ba ya shiga ku tashi ku da ƙungiyarku tun yanzu, kada ka bari sai ka yi furfura. Tun Nuwamban 2020 kana da damar sauya kamfanin da ke kula da kuɗinka sau ɗaya a shekara. In kuɗin ruwa ne ke damunka, tun 2021 akwai asusu na shida, wanda ba a juya shi ta hanyar riba ta ruwa, kana iya neman a mai da kai can. In kai manomi ne ko ɗan kasuwa ko tela ko mai ƙosai, tun Maris na 2019 aka buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, ka zuba abin da ya sauƙaƙa a lokacin da ka samu. Akwai Sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, Lotus tun 2021. Ka kuma sani hukumar NDIC, tun 2024, naira miliyan 5 take lamuncewa kowane mai ajiya in babban banki ya rushe, kamar yadda Heritage ya rushe a shekarar.

Amma kafin duk waɗannan, ka riƙe abin da ka sani. Kada ka sayar da gona don biki ko babur, gona ba ta tsufa, ranar da ka kasa noma ta kana iya ba da ita haya. Ka sa tunkiya da akuya a bayan gida, ka ɗaure sa ɗaya don kasuwar Layya. Ka mallaki ɗakin kwananka kafin ka bar aiki, ko na ƙasa ne, domin babu abin da ya kai tsoho ɗan haya ban tausayi. Sana'ar da za ka yi bayan ritaya ka fara ta tun saura shekara goma, ka yi asararka ta koyo tun albashi na rufa maka asiri. Ka raba abinka gida uku ko huɗu, wani a ƙasa, wani a dabba, wani a takarda, wani kuma a hannu saboda ciwon dare.

Na san abin da za a ce. Malam, albashin ko abinci bai isa ba, me za a ajiye? Ban raina wannan magana ba, akwai gidajen da wallahi babu rarar ko naira ɗaya, waɗannan haƙƙinsu na kan masu mulki da masu zakka. Amma mafi yawanmu ba a nan muke ba. Ka lissafa abin da ke tafiya a katin waya da goro da anko da gudummawar bikin da ake yi don kada a ce. Naira 5,000 a wata ita ce 60,000 a shekara, kuɗin 'yar akuya ke nan, akuya kuwa haihuwa take. Matanmu sun riga mu gane wannan tuntuni. Matar da ke cikin kulle, da adashinta da kajinta da ƙuli-ƙulinta, ita ce ke fito da kayan ɗakin 'yarta, kuma sau da yawa ita ce ke riƙe gidan ranar da fanshon maigida ya maƙale. Abin kunya ne a ce mai digiri ya kasa abin da mai dakan gyaɗa ta iya. Sai dai ke ma 'yar'uwa, kada duk tarin ya ƙare a kwanuka da gadon amarya, ki bar wa tsufanki wani abu da sunanki, domin zawarci da takaba ba sa sallama kafin su shigo.

Wannan ba wanke gwamnati ba ne. Haƙƙin ɗan fansho bashi ne, ba alfarma ba, kuma duk shugaban da ya kwana da kuɗin tsoho a hannunsa zai yi bayani gobe. Malamanmu su ma su taimaka, a riƙa jin huɗuba a kan tanadi da cin bashi da almubazzarancin biki kamar yadda ake ji a kan sauran abubuwa. Marubutanmu kuma, ku da muke karanta littattafanku dare da rana, kun cika mana shafuka da Alhaji mai gidan bene da motoci goma wanda ba a taɓa faɗa mana inda ya samo kuɗinsa ba. Yaushe za ku rubuta mana labarin hedimasta a shekararsa ta farko bayan ritaya? A nan ma akwai hawaye, akwai soyayya, akwai darasi.

Tsufa ba hatsarin mota ba ne da zai zo ba zato. Tun ranar da aka ba ka takardar kama aiki aka rubuta maka ranar barinsa, shekara 60 ko 35 na aiki, malaman makaranta kuma dokar tarayya ta 2022 ta ce 65 ko 40. Manomi ma gwiwarsa na gaya masa gaskiya kowace damina. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an ajiye zumar. Allah Ya ba mu tsufa mai albarka, Ya sa 'ya'yanmu su taimake mu don ƙauna da neman lada, ba don mun zame musu kaya ba. Wanda yake ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya kawo nasa lissafin mu gani.